Ƙirga Shafi Kafin Ka Ƙirga Kuɗi

A bakin Ƙofar Ƙaura, inda bedi ya yi inuwa,
Malam Sada ya bar mini tebur mai ƙafa uku,
ta huɗun bulo ce,
da adakar ƙarfe biyu, da guntun fensir,
da maganganun da ba su cika tafin hannu ɗaya.

Yakan ce: Abashe, ƙirga shafi kafin ka ƙirga kuɗi.
In talatin da takwas ya tsallaka ya dira arba'in da uku,
faɗa wa mai saye tun bai kai hannu aljihu ba.
Littafin da aka zare wa tsakiya
guga ne marar gindi a bakin rijiya.

Gara ta ci? Ka ce ta ci, ka nuna ramin.
Ruwa ya taɓa? Buɗe wurin, ɗage babban yatsanka.
Wanda aka gurza a inji jiya, aka liƙa wa bango,
kada ka raɗa masa suna bugun farko.
Sabuwar takarda warin tawada take,
tsohuwa ƙanshin rumbu,
hanci kuwa bai iya ƙarya.

Farashi da fensir, a kusurwa, a hankali,
biro rauni ne da ba ya warkewa.
Mai mota da mai silifa, kuɗinsu ɗaya.

Wata Laraba yaro ya zo da guda shida a leda,
kowanne da hatimin laburaren makaranta,
an kankare da reza, shuɗin ya ƙi fita.
Malam bai ɗaga murya ba.
Ya ce: ɗalibai ɗari na jiran waɗannan,
wa na isa in saya daga hannunsu?
Yaron ya sunkuyar da kai, ya kama hanya.

Malam ya rasu. Tebur ya zama nawa.

Bara da damina Inna Tasalla ta zo daga Rafindaɗi
da buhun taki cike da littattafan mijinta.
Mai ƙosai ya taya dubu biyu, in ji ta,
in ka ƙara ɗari biyar, ɗauka.
Na zazzage. Lissafi, tarihi, ƙamus marar bango,
can ƙasa sai ga gafaka, fatar ta yi laushi kamar kunne,
ciki ajami, rubutun hannu, baƙi da ja,
mai rubutun ya sa suna, ya sa shekara,
kakana ma lokacin yana goye a baya.

Na san wanda zai biya ni kuɗin hayar shekara biyu.
Na san lambarsa da ka.
Mai gida ya aiko sau uku a watan nan.
Ita kuma tana kallon keke-napep, tana gyara mayafi,
ba ta san abin da ke hannuna ba,
babu mai gani sai bedi,
bedi kuwa ba ya tsegumi, in ji zuciya.

Shayina ya huce kafin bakina ya buɗe.

Na ce: Inna, wannan ba na buhu ba ne.
Na faɗi kuɗin. Ta zauna bisa adaka.
Ta daɗe tana shafa fatar,
ta ce: ashe shi ya sa yake hana yara taɓawa.
Ta cusa shi ƙarƙashin mayafi. Ba na sayarwa ba ne.
Sauran na biya ta ɗai-ɗai, kowanne da darajarsa,
ranar ban ci ribar ko sisi ba,
na koma gida da ƙamus marar bango da ciwon wuya.

Da dare ina ƙirga shafin littafin lissafin,
sai ga wasiƙa ninki huɗu, da sunanta a baya.
Ban buɗe ba. Takarda na saya, ba sirri ba.
Gobe in an yi la'asar zan rufe adaka,
in roƙi mai shayi ya duba mini bulon tebur,
in bi ta Rafindaɗi in mayar mata da ajiya.